Wuyan Akuya a Jan Zare

'Ya'yana, kun sha jin labarin nan guntu-guntu, galibi daga bakin Gwaggo Saratu, idan an gama cin shinkafar Kirsimeti kowa ya miƙe ƙafa. Ita cewa take yi uwarku ta kawo ƙasusuwa gida, har aka kusa daina gaisawa da mu a ikilisiya. Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai takan tsallake tsakiyar labarin, kuma a tsakiyar ne kakanku yake. Ku kun tarar da shi tsoho mai yawan shiru, yana ɓare muku gyaɗa a ƙofar gida. Ina so ku gan shi yadda na gan shi a shekarar da nake aji biyu a karatun likita, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, mu kuwa a gidanmu na Jushi ba wanda ya mallake ta tukuna.

Shekarata ashirin a lokacin. Ina zaune a Samaru, a wani ɗaki bayan kasuwa, ni da ƙawata Ngozi, 'yar Sabon Gari wadda Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Bayan kowane mako biyu nakan hau bas in je gida. Baba, wato Malam Dauda, mai bishara ne tun yana saurayi, kuma yana cikin dattawan ikilisiyarmu ta Hausa. Bai taɓa kiran sunana ba, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini, ko yana murna ko yana faɗa. Suna a wurinsa ba abin wasa ba ne. A ganinsa idan ka ambaci sunan abu, kiransa ka yi, kuma yana iya amsawa.

Malamin da yake koya mana sassan jikin mutum wani tsoho ne mai furfura, wanda yake zuwa aji da ƙasusuwa a cikin gwangwanin biskit. Wata safiya mai zafi, mun cika ɗakin har wasu na zaune a bakin taga, sai ya zaro wani ɗan ƙashi mai kama da zobe, da 'yan fukafukai biyu a gefe. Ya ce wannan ne ƙashin farko na wuya, a kansa ƙoƙon kai yake zaune, sunansa Atlas. Kowa ya duƙa ya rubuta. Da a nan ya tsaya, da ba ni da labarin ba ku. Amma ya ɗaga zoben saitin haske, ya tambaya ko mun san mai sunan. Ya ce mutanen Girka na dā sun gaskata an taɓa yin yaƙi tsakanin tsofaffin alloli da sababbi, aka ci tsofaffin, sai aka yanke wa wani ƙato daga cikinsu hukuncin ya tsaya a ƙarshen duniya ya ɗauki sama a kafaɗarsa har abada. Da masu binciken jiki suka zo bayan ɗaruruwan shekaru, suka ga wannan ɗan zobe ɗauke da kan mutum da duk tunanin da ke cikinsa, sai suka sa masa sunan ƙaton. Malamin ya mayar da ƙashin cikin gwangwani ya ci gaba da darasi. Ni ban ƙara jin komai ba a ranar. Na kai hannu ƙeyata na danna a hankali. Shekara ashirin ina yawo da wannan labari a wuyana ban sani ba.

Daga ranar na kamu. Na samo wani tsohon littafi marar bango a laburare, na riƙa zama da shi a ƙarƙashin bishiyoyin makaranta har kiran sallar la'asar ya tashe ni. Duk inda na duba a jikin mutum sai in tarar mutanen nan sun riga ni zuwa. Agarar da ke bayan dunduniya tana ɗauke da sunan wani jarumi, Akilis, wanda uwarsa ta tsoma shi a wani kogi yana jariri don kada makami ya kama shi, amma inda ta riƙe shi bai jiƙe ba, ta nan kuwa kibiya ta same shi. Da'irar nan mai launi a cikin ido sunan 'yar aiken alloli gare ta, wadda bakan gizo ne hanyarta. Allurar da ake yi wa mai matsanancin ciwo sunanta ya fito daga allahn mafarki. Har macijin nan da ya nannaɗe sanda, wanda na girma ina gani a allunan kemis na Sabon Gari, ashe na allahnsu na warkarwa ne. Na sayi littafin rubutu mai kauri. A hagu in zana sashen jikin, a dama in rubuta sunan da labarinsa da Hausata, wani lokaci har da 'yan baitocin da suka zo mini. 'Yan ajinmu suna haddar sunaye da ƙyar, ni kuwa kamar sunayen maƙwabta nake jinsu.

Ƙasusuwan da ke sashenmu ba su da yawa, ɗalibai kuwa sun fi a ƙirga, sai mutum ya yi mako bai taɓa ɗaya ba. Waɗanda suke gaba da mu suka koya mana dabara. Akuya ma ƙasusuwa bakwai gare ta a wuya kamar mutum, kuma na farko da na biyu sun yi kama da namu yadda za a iya gane aikinsu. Don haka wata Asabar na shiga layin mahauta a kasuwar Sabon Gari, na tsaya gaban Malam Sale, wanda Mama take sayen nama a wurinsa, na ce ina son wuyan akuya guda, amma kada ya sara.

"Kada in sara?" ya ce, gatari a sama. "To da me za ki ci, 'yar boko, da ido?"

Na ce karatu zan yi da shi.

"Ki gaya wa malaminku wannan majiyyacin ya makara. Tun da asuba na sallame shi."

Mahautan layin suka yi ta dariya. Amma ya ajiye gatarin ya ɗauki siririyar wuƙa, ya lalubo wani wuri da babban yatsansa, ya zura tsinin, sai ga kan ya rabu da wuyan ba tare da ko ƙashi ɗaya ya tsage ba. Daidai tsakanin ƙoƙon kai da zoben farko ya shiga, wurin da muka kwashe mako guda muna zanawa a allo. Na tambaye shi sunan wurin, ya ce ba shi da suna, hannu ne ya sani.

A Samaru na dafa wuyan a kan risho har naman ya saki. Ngozi ta ce ba za a zubar da ilimi a kwata ba, ta yi mana farfesu da romon. Na kankare ƙasusuwan, na shanya su a kan kwanon ɗaki kwana huɗu har suka yi fari tas. Don kada su rikice mini sai na zura su a zare bi da bi, daga na ɗaya zuwa na bakwai. Zaren da ya samu shi ne ragowar jan ulu da Ngozi take saƙa hula da shi. Na naɗe su a wani tsohon farin ƙyalle saboda gefensu kada ya ɓantare, na sa a ƙasan akwati tare da littafina. Haka na tafi da su gida hutun Ista, ban kawo komai a raina ba.

Mama tana da al'ada guda. Duk lokacin da na dawo daga makaranta sai ta juye akwatina a tsakar gida ta shanya komai a rana, saboda ta tabbata duk ɗakin ɗalibai yana da kuɗin cizo. Ranar ta aike ni niƙa, ita kuwa tana tare da Mama Lami ta Zumuntar Mata, suna shirya waƙoƙin Ista. Da na dawo na tarar da su a tsaye a kan kayana. Farin ƙyallen ya warware a kan tabarma, ƙasusuwa bakwai a jan zare suna kwance a rana, kusa da su littafina a buɗe daidai shafin macijin da sanda, da sunan wani allah a rubuce da hannuna, da baitoci a ƙarƙashinsa. Na fara bayani ina dariya. Mama Lami ta ɗauki jakarta ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kafin a tashi sujada ran Lahadi, babu bencin da labarin bai kai ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kira ni zaure, ƙasusuwan suna gabansa a kan faranti, bai taɓa su da hannu ba.

"Uwata, mene ne wannan?"

"Wuyan akuya ne kawai, Baba."

"Na san wuyan akuya," ya ce. "Na ubana ma na akuya ne."

Dole in tsaya nan in gaya muku abin da ni ma sama-sama na sani a lokacin. Kakan naku a gidan Maguzawa aka haife shi, a wani ƙauye arewa da Zariya. Mahaifinsa shi ne mai riƙe da ɗakin tsafin zuri'arsu, kuma Baba ne ɗan da aka zaɓa ya gaje shi. Tun yana ƙarami aka koya masa sunan kowane iska da ke ɗakin, da kirarinsa, da launin dabbar da yake so. A saman ƙofar ɗakin akwai ƙasusuwan wuyan akuyoyin da aka yanka, a zure cikin jan zare. Ya karɓi baftisma yana da shekara goma sha tara, kuma da mahaifinsa ya rasu shi da hannunsa ya cinna wa ɗakin wuta, 'yan'uwansa suna kallo suna kuka. Tun daga nan wannan ya zama aikinsa a ikilisiya. Idan wani ya tuba ya kawo kayan tsafinsa, wurin Baba ake kai shi. Yana da tsarin da ba ya canzawa. Da rana tsaka yake zama da mutum, a fili, a ƙarƙashin dalbejiyar da ke bayan coci. Sai ya ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya ya yi tambaya uku a kan kowanne: wane ne wannan, me yake ci, wa yake ba shi. Sai an amsa duka, ba a ɓoye komai ba, sannan washegari a ƙone a gaban dattawa. Yakan ce abin da aka ƙone ba a bayyana shi ba, a zuciya yake komawa ya zauna.

Dattawa suka zauna ran Litinin. Shugabansu, Baba Yohanna, shi ya riƙe ni a hannu ranar da aka raɗa mini suna, ba maƙiyina ba ne. Ya ce ba ya zargina da mugun nufi, yarinta ce da sharrin abokai, amma ƙasusuwan da littafin za a ƙone su ran Alhamis, in tsaya gaban ikilisiya in nemi gafara. Ya ƙara da cewa karatun da yake sa yarinya ta riƙa kiran gumaka a kan jikin majiyyaci ba karatun 'yar mai bishara ba ne, a nema mini makarantar horon malamai. Baba ya dawo ya gaya mini haka a tsaye. Ya ce ba zan koma Samaru ba sai abin da tambaya ta nuna, kuma ran Laraba da rana tsaka in same shi a gindin dalbejiya, yadda kowa yake samunsa.

Na same shi a kan tabarma, faranti a dama, littafina a hagu. Ya yi doguwar addu'a. Sannan ya ce ni zan faɗi sunayen, shi ba zai faɗa ba, kuma in faɗe su a hankali. Ya buɗe shafin farko da tsinke ya tambaya wane ne wannan. Na ba shi labarin ƙaton da aka ɗora wa sama. Ya tambaya mutanen wace ƙasa ne, na ce Girkawa, bai gane ba, sai da na ce Helenawa, waɗanda yake karanta labarinsu a coci. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce ashe su ne. Muka ci gaba shafi bayan shafi, inuwa tana matsawa muna jan tabarma. Da farko fuskarsa a ɗaure take kamar ta alƙali. Da na kai ga uwar da ta tsoma ɗanta a kogi sai na ji ya yi ajiyar zuciya, ya ce duk uwa haka take, tana riƙe ɗa a wani wuri, kuma wurin ne ba ta iya tsarewa. Da na ba shi labarin masaƙiyar da ta yi gasar saƙa da wata allahiya aka mayar da ita gizo-gizo, na ce akwai wani siririn tantani a kan ƙwaƙwalwar mutum mai kama da yanar gizo wanda sunansa da nata tushensu ɗaya, sai ya tambaya ko na gan shi da idona. Na ce na gani. Ya ce yaya yake. Na ce kamar hazon safiya ne aka shimfiɗa a kan tunanin mutum.

Bai manta da tsarinsa ba. A kan kowanne sai ya tambaya me yake ci. Na gaya masa abin da na karanta, hayaƙin kitsen bijimi da ƙasusuwan cinya da ake ƙonawa, da ruwan inabi da ake tsiyayarwa a ƙasa. Ya gyaɗa kai, wannan bai ba shi mamaki ba. Tambaya ta uku ce ta riƙa dawo masa da amsa iri ɗaya, har ya ajiye tsinken.

"Kina ta ce mini ba kowa. Malamin naku fa?"

"Dattijo ne a cocinsu, Baba. Bai taɓa ba su ko ruwa ba."

"A ƙasarsu fa? Ai ba a rasa wani tsoho a ƙauye."

"Sun fi shekara dubu ba a yi musu yanka ba. Mutanen sun zama Kirista tun kafin bishara ta san hanyar ƙasar nan."

"Suka tuba," ya ce a hankali, "amma suka bar sunayen."

Na ce an rushe ɗakunan da yawa, an fasa gumakan, amma labaran sun zauna a littattafai, jikokin jikoki suka ɗauko su suka sa wa ƙashi da magani da taurari. Ya zuba wa tururuwa ido a gefen tabarma. Ban san abin da yake tunani ba sai daga baya.

Ganin ya yi laushi sai na yi ƙarfin hali na ɗauki ƙasusuwan daga faranti. Na ce ya ƙirga. Ya ƙirga da ido, bakwai. Na ce na wuyansa ma bakwai ne, na raƙumin dawa mai dogon wuyan nan ma bakwai ne, sai dai nasa dogaye. Ya ce ya yanka akuya ta fi ɗari a rayuwarsa, bai taɓa ƙirgawa ba. Na haɗa na farko da na biyu na nuna masa yadda zoben yake juyawa a kan ɗan turken da ke jikin na biyu. Na ce idan mutum ya gyaɗa kai ya ce i, tsakanin ƙoƙon kai da zoben farko ne motsin yake, idan ya girgiza kai ya ce a'a, tsakanin na farko da na biyu ne. Sai na ga hannunsa ya miƙo. Ya karɓe su, ya juya zoben hagu da dama, sannan ya kai ɗaya hannun ƙeyarsa, ya gyaɗa kai, ya girgiza, ya sake gyaɗawa. Tsoho mai shekara sittin, a bayan coci, yana sauraron wuyansa kamar yau aka ba shi. Ya ce Ubangiji ya ware wa i gurbinta ya ware wa a'a gurbinta, kuma ya ɓoye wannan a wuyan akuya inda kowane mahauci zai gani. Idanunsa sun kawo ruwa. Nawa ma haka.

Na ɗauka an gama. Sai ya mayar da ƙasusuwan faranti ya ce akwai tambayar da ba ya yi wa kowa, amma ni zai yi mini. Ya ce ya karanta baitocin, kuma wanda yake haddar suna don jarrabawa ba ya yi masa waƙa.

"Uwata, kina son su?"

Na san amsar da za ta mayar da ni Samaru. Da na ce dabarar hadda ce kawai, da ya karɓa, domin ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na dubi littafin, na dubi mutumin da ya ƙone ɗakin ubansa don kada ya zauna da zuciya biyu, na ga ba zan iya sayen karatuna da wannan ba. Na ce ina son su. Na ce ba na roƙonsu komai, ban taɓa jin tsoronsu ba, amma ina tunaninsu ko ina tafiya a hanya. Tausayinsu nake ji, da na mutanen da suka dubi sama suka rasa abin da ya riƙe ta, suka ce lallai wani ne yake wahala a ƙarƙashinta. Na ce duk lokacin da na tuna su sai jikin mutum ya ƙara girma a idona. Ya saurare ni har na gama, ya naɗe tabarmarsa, ya ce in tafi gida in taya Mama aiki. Yinin nan ban iya cin abinci ba. Na tabbata da bakina na rufe wa kaina ƙofa.

Ran Alhamis da safe an tara kara a bayan coci, ga kwalbar kananzir, ga dattawa biyar a kan benci, mata kuma suna leƙe daga nesa. Aka miƙa wa Baba ashana yadda aka saba. Ya riƙe ta, ya ce ya yi tambayoyinsa uku a kan kowane shafi, kuma bai sami abin ƙonawa ba. Ya ce abin da ba mai ciyar da shi, ba mai tsoronsa, ba mai roƙonsa, ba tsafi ba ne. Idan ya cinna masa wuta a gaban jama'a, ya shaida musu ke nan cewa yana da iko, shi kuwa ba zai yi shaidar zur ba ko a kan gunki.

Baba Yohanna ya bari ya gama, sannan ya ce, "Malam Dauda, da 'yar wani ce ta zo da ƙashi a jan zare, haka za ka ce?"

"Da 'yar wani ce, da na fi saurin faɗa. Saboda tawa ce na ƙara mata tambaya ta huɗu."

Baba Yohanna ya ce ya yarda da gaskiyarsa, amma mutanen ƙauye da suka kawo nasu aka ƙone ba za su ga bambanci ba. Za su ce na talaka ake ƙonewa, na 'yar mai bishara kuwa ilimi ake ce masa. Wannan magana gaskiya ce, Baba ma ya san gaskiya ce. Sai ya ajiye ashanar a kan benci kusa da Baba Yohanna, ya ce to daga yau a ba wani aikin, don kada sunansa ya zama abin tuntuɓe ga kowa, amma 'yarsa za ta koma makaranta. Ya ɗauki farantin da littafin da hannunsa, ya wuce ta gaban matan, ni ina biye.

Aikin shekara arba'in ya ajiye a kan bencin nan. Ba a kore shi ba, amma ya sauka daga kujerar dattawa, ya koma bencin baya kusa da ƙofa, ya yi shekara biyu a nan kafin a roƙe shi ya dawo gaba. Gindin dalbejiya kuwa bai ƙara zama ba. Mama ta daina ba da waƙa a Zumunta na wani lokaci, domin in ta ɗaga murya amshi ba ya zuwa da ƙarfi. Ba ɗayansu da ya taɓa yi mini gori, kuma wannan ya fi gorin nauyi.

Ran Litinin ya raka ni tasha da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Bas ɗin Samaru bai cika ba, muka tsaya a inuwar wata rumfa, 'yan acaɓa suna ta kai da kawo. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tun ran Laraba yake lissafi. 'Yan'uwansa da suka san ɗakin ubansu duk sun rasu. Iskokin da ke cikin ɗakin su goma sha ɗaya ne, kowanne da sunansa da labarinsa, akwai wadda aka ce ita ta koya wa mata kaɗi, akwai wanda yake tafe a cikin guguwa. Ya ce yanzu duk duniya shi kaɗai ya san su. Na ce akwai sauran shafuka a littafina, idan ya yarda ya faɗa mini in rubuta, ba don komai ba sai don kada su ɓace, yadda na Helenawa ba su ɓace ba.

Ya dubi titi. Na ga leɓɓansa sun motsa, har na kai hannu jaka ina laluben biro.

"A'a, Uwata," ya ce. "Naki sun daɗe da mutuwa, shi ya sa suka yi kyau. Nawa har yanzu suna jin yunwa, kuma na san abin da suke ci."

Kwandasta ya buga jikin mota ya ce saura mutum ɗaya. Baba ya miƙa masa akwatina, ya ce in shiga kada a cike gurbin, in kuma gaishe da malamin nan mai gwangwani. Na zauna a bakin taga ina kallonsa har muka sha kwana.

Ya rayu shekara goma sha shida bayan wannan. Ya ga na gama, ya ga an fara ce mini likita, ya ɗauki kowannenku a hannu. Ni ce a gefen gadonsa a kwanakinsa na ƙarshe, kuma hankalinsa bai gushe ba ko sau ɗaya. Ban sake tambayarsa ba, shi ma bai faɗa ba. Su goma sha ɗayan nan tare da shi muka binne su.